Yadda Iyali Za Su Bi Dokokin Tsaro Idan An Tsare Ɗan'uwansu a Broadmoor, Rampton ko Ashworth

A faɗin Ingila asibitoci uku ne kacal ake kai masu taɓin hankali waɗanda aka tabbatar cewa haɗarin da ke tattare da su ya fi ƙarfin sauran asibitoci. Akwai Broadmoor a yankin Berkshire, wanda aka buɗe a 1863, da Rampton a Nottinghamshire, wanda ya fara aiki a 1912, sai Ashworth da ke garin Maghull kusa da Liverpool. Gadajen da ke cikinsu gaba ɗaya ba su kai dubu ɗaya ba, kuma idan majinyacin mace ce, Rampton kaɗai ke da sashenta, haka ma kurame. Wanda ya ga katangunsu da ƙofofinsu zai rantse gidan yari ne, amma hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ita ke tafiyar da su, ma'aikatan jinya ne ke riƙe da makullan ɗakuna, kuma wanda ke ciki majinyaci ne da ake yi wa magani a ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983. Wannan bayani na iyalai ne, musamman namu da ke zaune a Ingila, waɗanda suka wayi gari an kai ɗansu ko ƙaninsu ɗaya daga cikin wuraren nan, suna so su ziyarce shi, su rubuta masa, su kuma tsaya masa ba tare da sun jawo masa wata matsala da hannunsu ba.

Kafin komai, yana da kyau a san cewa dokokin tsaron wuraren nan ba ra'ayin ma'aikacin da ke bakin ƙofa ba ne, rubutaccen umarni ne da ke fitowa daga ministan lafiya, kuma kusan kowane sakin layi nasa yana da wani mummunan abu da ya faru a bayansa. A 1952 wani majinyaci mai suna John Straffen ya tsere daga Broadmoor, cikin 'yan sa'o'i ya kashe yarinya 'yar shekara biyar, abin da ya sa aka kafa jiniya a garuruwan da ke kewaye, aka shafe shekaru da dama ana gwada ta kowace Litinin da ƙarfe goma na safe. A 1999 kuma kwamitin bincike na alƙali Peter Fallon ya fallasa abin da ke faruwa a wani sashe na Ashworth, inda ƙwayoyi da hotunan batsa suke yawo a hannun majinyata, ana kuma shigo da wata ƙaramar yarinya ziyara wurin mutanen da aka san tarihinsu na lalata da yara. Kwamitin ya ba da shawarar a rufe asibitin, gwamnati ba ta amince ba, sai ta ɗora wa Richard Tilt, tsohon shugaban hukumar gidajen yari, aikin duba tsaron asibitocin uku, ya miƙa rahotonsa a 2000. Tun daga lokacin ake sabunta umarnin tsaron, an yi haka a 2011 da 2013 da 2019. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ɗauki tsananin da zai gani a matsayin raini gare shi ko ga iyalinsa ba.

Abin da za ku fara nema

Ku fara sanin sashen dokar da aka tsare ɗan'uwanku da shi, domin kusan dukkan haƙƙinsa a kan wannan lamba ya rataya. Sashe na 3 tsarewa ce don magani ba tare da hukuncin kotu ba, wanda ke nuna cewa ba kowa da ke cikin asibitocin nan ne aka taɓa samu da laifi ba. Sashe na 37 umarnin kotu ne na a kai mutum asibiti maimakon gidan yari, kuma idan alƙali ya haɗa masa da sashe na 41, to likita ba zai iya sallamarsa, ko ba shi hutun fita, ko mayar da shi wani asibiti ba sai da amincewar ma'aikatar shari'a. Wanda aka ɗauko daga gidan yari bayan an yanke masa hukunci yakan kasance a kan sashe na 47, galibi tare da na 49, wanda ke taƙaita ikon likita kamar yadda na 41 ke yi. Sashe na 132 ya wajabta wa asibiti ya bayyana wa majinyaci matsayinsa da haƙƙoƙinsa da baki da kuma a rubuce, ta yadda zai fahimta, don haka idan Turancinsa bai nuna ba, ko ciwo ya dagula masa shi, ku nemi a kawo tafinta, kada ku yarda wani ɗan'uwa ya zama mai fassara a zaman da ake yanke shawara a kan makomarsa.

Bayan haka ku rubuta sunayen mutum uku: babban likitan da ke da alhakin jinyarsa, da ma'aikacin jinyar da aka ɗora wa kula da shi a ɗakin, da ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin. Na ukun nan shi ne ƙofar iyali, ta hannunsa ake shirya yawancin abin da ya shafi ziyara da hulɗa da gida. Sai dai ku sani cewa majinyaci baligi yana da ikon hana a gaya muku sirrin jinyarsa, ko da ku kuka haife shi, lamarin da ke yi wa iyayenmu ciwo ƙwarai. Ko da ya hana, babu abin da ya hana ku ku gaya wa likitoci abin da kuka sani game da shi, kuma sau da yawa bayanin uwa a kan yadda ciwon ya faro da abubuwan da ke tayar masa da hankali ya fi shafuka da yawa na fayil amfani.

Ranar ziyara

Ba a zuwa wuraren nan kai tsaye kamar yadda muka saba zuwa dubiya. Sai an sa sunan mutum cikin jerin waɗanda aka amince su ziyarci majinyacin, da yardar shi majinyacin da ta masu jinyarsa, sannan a tsayar da rana da lokaci tun da wuri. Ku tafi da katin shaida mai hoto, fasfo ko lasisin tuƙi, ku kuma isa da sauran lokaci, domin binciken ƙofa yana cin minti masu yawa. Za a ajiye wayarku da makullanku da jakarku a akwatin ajiya, za ku bi ta na'urar gano ƙarfe, a duba kayanku da na'urar haskawa, kuma ana iya lalube jikinku ta saman tufafi. Baƙo yana da damar ya ƙi a caje shi, amma asibiti ma yana da damar ya hana shi shiga idan ya ƙi. Mace mai hijabi ko niƙabi ta faɗa tun a wurin karɓar baƙi cewa tana son mace ce za ta bincike ta, kuma a keɓe, buƙata ce da aka saba ji kuma babu abin kunya a cikinta.

A wajen tsaraba ne iyalanmu suka fi yin tuntuɓe, domin a wurinmu zuwa wajen mara lafiya hannu rabbana abin kunya ne. Ƙa'idar ita ce baƙo ba ya shiga da abinci, ko da tuwon da mahaifiyarsa ta tuƙa da hannunta ne, saboda abinci na daga hanyoyi mafi sauƙi na shigar da ƙwaya, kuma ma'aikaci ba shi da yadda zai bambanta kwanon uwa mai tausayi da kwanon dillali. Kilishi da yaji da zuma da man habbatussauda duk hukuncinsu ɗaya. Rubutun sha da garin magani da wani malami ko mai maganin gargajiya ya bayar sun fi waɗannan haɗari, domin baya ga hana su shiga, ƙullin gari da ba a san ko mene ne ba yana iya sa a dakatar da ziyararku har sai an gama bincike, ga kuma yiwuwar ya ci karo da magungunan da yake sha. Addu'a ba ta buƙatar izinin kowa, ku yi masa ita da baki a wurin ziyarar. Taba ma ba ta shiga, kuma wasu majinyatan Rampton sun kai ƙara a kan hana su shan sigari, kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar a 2009.

Sauran kaya kamar tufafi da littattafai da turare ana bi da su ta hanyar da asibiti ya tsara, a duba su, a rubuta su cikin lissafin kayansa kafin su isa hannunsa. Ku nemi jerin abubuwan da aka hana da waɗanda aka taƙaita tun kafin ku kashe kuɗi, domin kwalba da abin da aka haɗa da sinadarin giya da duk wani abu mai kaifi ko mai igiya suna iya maƙalewa a ƙofa. Kuɗi kuwa ta asusun da asibiti ke riƙe masa ake saka su, ba a danƙa masa a hannu. Babban kuskure shi ne mutum ya ɓoye wani ƙaramin abu a aljihu yana ganin taimako ya yi, domin idan aka gano, majinyacin ne zai ɗauki nauyin, za a rubuta a fayil ɗinsa cewa ya haɗa baki da baƙo wajen karya tsaro, kuma irin wannan rubutu yana iya mayar da shirin sassauta masa baya da watanni.

Ziyarar yara tana da nata umarnin daban, wanda ya samo asali daga abin da aka gano a Ashworth. Duk wanda bai kai shekara 18 ba, ba a shiga da shi sai majinyacin ya nema a rubuce, an sami yardar mai riƙon yaron, kuma hukumar kula da yara ta ƙaramar hukumar da yake zaune ta duba ko ziyarar alheri ce ga shi yaron. Muradin yaron ake dubawa, ba kewar da uba ke yi ba, kuma idan an amince, a wani ɗaki na musamman ake yin ta, nesa da ɗakunan majinyata, da ma'aikaci a wurin. Abin yana ɗaukar lokaci, don haka wanda ke son yara su ga mahaifinsu da salla ya fara nema tun watanni kafin azumi.

Wasiƙa da waya

Sashe na 134 ya ba waɗannan asibitoci uku ikon da sauran asibitoci ba su da shi a kan wasiƙu. Suna iya buɗewa su duba, suna iya riƙe wasiƙar da majinyaci ya rubuta idan ana ganin za ta tayar wa wani hankali ko ta jefa shi cikin haɗari, suna kuma iya riƙe wadda aka aiko masa domin kare shi ko kare wasu. Amma ikon yana da linzami. Idan aka riƙe wasiƙa, dole a sanar da majinyacin a rubuce cikin kwana bakwai, idan kuma daga waje ta zo, a sanar da wanda ya aiko ta. Daga nan kuna da wata shida ku nemi hukumar sa ido kan ingancin asibitoci, wadda aka fi sani da CQC, ta sake duba hukuncin, kuma tana da ikon ba da umarni a saki wasiƙar. Akwai kuma waɗanda ba a riƙe wasiƙar da ke tsakaninsu da majinyaci, cikinsu har da lauyansa, da 'yan majalisar dokoki, da kotuna, da ita kanta CQC. Abin da za a iya yi kawai shi ne a buɗe don tabbatar da cewa da gaske daga wurinsu ta fito.

Majinyaci ba ya riƙe wayar hannu, kuma ba shi da intanet irin wadda kuke da ita a gida. Yana kira ne ta wayar asibiti, zuwa lambobin da aka riga aka tantance, don haka duk wanda ya canja lamba ya sanar da wuri. Ana iya sauraron kira ko a naɗe shi, ban da wanda yake yi da lauyansa da makamantansa, kuma shi ma hukuncin sa wa wayar mutum ido ana iya kai shi gaban CQC. Idan da Hausa kuke magana da shi, ku gaya wa masu jinyarsa tun farko, domin kada yaren da ba su ji ya zama abin zargi. Kada ku haɗa shi da mutum na uku a kan layi, ko ku miƙa wayar ga wanda ba ya cikin jerin, ko da kakarsa ce ke kira daga Kano tana son jin muryarsa. Hanyar ita ce a nemi a sa lambarta cikin jerin. Haka nan kada ku karɓi saƙo daga gare shi ku kai wa wanda abin da ya faru ya shafa ko iyalinsa, ko da saƙon neman gafara ne, sai kun tuntuɓi likitansa da lauyansa.

Abin da shi yake fuskanta a ciki

Zai yi muku ƙorafin caje, kuma gaskiya ne ana yi, ba sani ba sabo. Ana bincikar jikinsa da ɗakinsa da akwatinsa a kai a kai ko da ba a zarge shi da komai ba, ana kuma gwada shi don gano ƙwaya ko giya. Wasu majinyatan Broadmoor sun ƙalubalanci wannan tsari, amma a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa asibitin yana da hurumin yin bincike ba tare da wani zargi ba. Abin da za ku lura da shi shi ne yadda ake yin sa: a fara neman yardarsa, a yi masa bayani, wanda zai taɓa jikinsa ya kasance jinsinsu ɗaya, a kiyaye mutuncinsa, a kuma ba shi shaidar duk abin da aka ɗauke da bayanin inda aka ajiye shi. Umarnin tsaro ya kuma yarda a kulle majinyata a ɗakunansu da dare bisa wasu sharuɗɗa. Idan kun ga kullewar tana ƙara masa ciwo, musamman in yana da tarihin yunƙurin cutar da kansa, ku rubuta wa likitansa.

Ana auna haɗarin kowane majinyaci ta fuskoki biyar: ko zai cutar da wani, ko zai cutar da kansa, ko wasu za su far masa, ko zai nemi tserewa, ko kuma zai shirya wani abu da zai rusa tsaro. Sakamakon wannan awo ne ke yanke ko zai fita harabar asibiti shi kaɗai, da irin kayan da za a bar masa, da yawan idon da za a sa masa. Na uku a jerin nan ya cancanci iyali su riƙe shi da kyau, domin idan ya gaya muku wani majinyaci yana yi masa barazana, ko yana karɓe masa kaya, ko yana bin sa bashi, ba gulma ba ce ku sanar da ma'aikata a ranar.

Keɓewa ita ce a kulle mutum shi kaɗai a ɗaki na musamman lokacin da ya zama haɗari ga wasu. Littafin ƙa'idojin aiki da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bugun 2015, ya ce ba horo ba ce, kuma matakin ƙarshe ce. Ya tsara cewa ma'aikaci ya riƙa lura da shi yana rubuta halin da yake ciki aƙalla kowane minti 15, ma'aikatan jinya biyu su sake duba lamarin kowace sa'a biyu, likita kuma kowace sa'a huɗu har zuwa zaman farko na ƙungiyar masu jinyarsa. A shari'ar Munjaz ta 2005, wadda ta taso daga Ashworth, kotun ƙoli ta lokacin ta ce asibiti na iya kauce wa littafin, amma sai da ƙwaƙƙwarar hujja. Saboda haka idan an keɓe ɗan'uwanku, ku tambaya a rubuce yaushe aka fara, wa ya ba da izini, da abin da ake jira ya canja kafin a fito da shi. A ganina wannan ne wurin da ya fi buƙatar idon iyali, domin baƙar fata a Ingila ana tsare su a ƙarƙashin wannan doka fiye da ninki uku na farare, kuma mutuwar Orville Blackwood a ɗakin keɓewa na Broadmoor a 1991 ta sa an yi binciken da ya nuna yadda ake yi wa majinyaci baƙar fata kallon ƙato mai haɗari tun kafin ya motsa. Dokar amfani da ƙarfi ta 2018, wadda ake kira da sunan Olaseni Lewis, matashin da ya rasu a 2010 bayan 'yan sanda sun danne shi a wani asibitin ƙwaƙwalwa a Landan, ta wajabta wa asibitoci su rubuta duk lokacin da aka yi amfani da ƙarfi a kan majinyaci, da dalilin yin haka.

Game da ibada, yana da haƙƙin yin salla da samun abincin halal da ganin limami ta sashen kula da addinai na asibitin. Carbi mai dogon zare ana iya hana shi idan ana fargabar zai cutar da kansa, kuma yatsu sun wadatar. Azumi kuwa a tattauna shi da likita tun kafin watan ya kama, domin wasu magunguna, musamman lithium, suna zama haɗari idan jiki ya rasa ruwa, kuma daina shan clozapine na kwana biyu kawai yana sa a koma farawa daga ƙaramin awo. Sau da yawa ana iya gyara lokutan shan magani, inda kuma ba zai yiwu ba, mara lafiya yana da rangwame a shari'a.

Idan kuna ganin an ƙetare iyaka

Ku fara da ma'aikacin da ke shugabantar ɗakin, idan ba a gyara ba ku shigar da ƙorafi a rubuce ta ofishin ƙorafi na asibitin, kuna ambaton rana da lokaci da abin da ya faru, ba tare da zagi ko zargin da ba za ku iya tsayawa a kai ba. Majinyacin yana da haƙƙin samun mai ba shi shawara mai zaman kansa, wanda ba ma'aikacin asibitin ba ne, kuma kyauta ne. Shi zai taya shi fahimtar haƙƙinsa, ya kuma zauna tare da shi a taron masu jinya. CQC tana karɓar koke a kan yadda aka yi amfani da dokar, kuma jami'anta suna shiga ɗakuna su gana da majinyata a keɓe.

Maganar ci gaba da tsarewa kuma tana gaban kotun musamman ta lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda alƙali da likitan ƙwaƙwalwa da wani masani na uku ke zama a cikinta, kuma gwamnati ce ke biyan lauyan majinyaci ba tare da duba abin hannunsa ba. Ku nemi lauyan da ya ƙware a wannan fanni, ba wanda ya yi muku takardun zama ba. Kada kuma ku sa rai cewa daga Broadmoor gida zai dawo kai tsaye, domin abin da aka saba shi ne a mayar da mutum asibiti mai matsakaicin tsaro, galibi bayan zaman gwaji, daga nan zuwa mai ƙaramin tsaro, kuma kowane mataki yana iya cin shekaru. Ku tanadi littafi guda da za ku riƙa rubuta ranar kowace ziyara da kowane kira, da yanayin da kuka same shi, da sunan ma'aikacin da kuka yi magana da shi, ku kuma adana kwafin duk takardar da ta shiga tsakaninku da asibiti, ku miƙa wa lauyan kafin ranar zaman kotu.